Lambun Maiwada

Ni Bakatsine ne, Maiwada kuma Bahaɗeje, don haka tun ranar da muka fara haɗuwa ban ga dalilin raga masa ba. Wasan kakanni ne, mun tarar ana yi. Sunana Sha'aban, direba ne ni. A shekarun nan ina jan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, in kwaso ragowar dabino daga kasuwar Aziziya, wanda ya fashe ko ya fara tsami, in kai wata masana'anta da ke kudancin Riyad, can inda gidaje suka ƙare. A nan ake jiƙa dabinon har ya yi tsami sosai, a dafa shi, a tara tururin, a fitar da ruwan tsami na girki da Larabawa ke kira khal, da kuma sinadarin nan mai sanyi da ake goge fata da shi a asibiti kafin allura. Abin da ke saura bayan an gama shi ne wani ruwa baƙi mai kauri, mai warin da ko a majema ban taɓa jin irinsa ba. Maiwada shi ne mai kula da wannan ruwa.

Baladiyya, wato hukumar gari, ta hana a zubar da shi a kwari. Sai masu masana'antar suka sa aka haƙa kududdufai uku a bayanta, masu faɗi amma marasa zurfi, aka shimfiɗa musu leda mai kauri, aka zuba tsakuwa da ƙasa, aka dasa ciyawa. Ruwan yakan fara kwanciya a wani babban tanki, a sirka shi, sannan a sako shi a hankali ya bi ta cikin ciyawar, daga kududdufi na farko zuwa na biyu zuwa na uku. Kafin ya fito ya koma kalar shayin da aka yi wa rowar ganye, warin ya tafi, a ba itatuwan harabar su sha. Injiniya Amir, wani Basudane mai yawan murmushi da ke kula da aikin, ya taɓa yi mini bayani cewa saiwar ciyawar da wasu ƙananan halittu da ke manne da ita su ne ke cinye ƙazantar. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ni dai abin da na sani, ruwa na shiga baƙi yana fita ja.

Matsalar ita ce ciyawar. Larabawa na ce mata bardi. Mu a gida kacala muke ce mata.

Wanda bai san ƙasar su Maiwada ba ba zai ga abin damuwa a nan ba. Ƙauyensu na tsakanin Guri da Nguru, ƙasar fadama, inda yaro ke koyon tuƙa kwale-kwale kafin ya iya ɗaure wando. Mahaifinsu na da gonar shinkafa da taru. Sai kacala ta shigo. Doguwa ce, ta fi mutumin da ke tsaye a cikin jirgi, tana fitar da kai kamar zangarniyar gero amma babu ƙwaya ko ɗaya a jikinsa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya daina zuwa inda ake jiran sa, ya koma ya kwanta a gonakin da ba a gayyace shi ba. Kifi ya shige cikinta inda taru ba ya shiga. Tsuntsayen jan-baki suka mai da ita wurin kwana, da safe su tashi su sauka a kan ɗan abin da ya rage na shinkafa. Kafin mahaifin ya rasu, gonarsa ta zama dajin kacala, sai dai a nuna maka da baki a ce wajen can take.

Inuwa, yayan Maiwada, shi ne ya ƙarasa rainonsa, kuma Inuwa ne shugaban gayyar yankan kacala a ƙauyen. Duk rani sai ya tara maza da laujensu su shiga ruwa har ƙirji, matsattsaku na shan jininsu, suna buɗe hanya. Abu ɗaya Inuwa ya koya wa ƙanensa da ranƙwashi har ya zauna: kacala a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta. Karan nan nata shi ne hancinta, ta nan take kai wa saiwarta iska. In ka yanke ta sama da ruwa aski ka yi mata, za ta dawo ta fi da. In ka yanke ta ƙasa, ruwa ya rufe hancin, ta shaƙe.

Da Maiwada ya samu bizar aikin ƙarfi a 2012, Inuwa bai hana shi ba, bai kuma raka shi tasha ba. Yana zaune yana wasa laujensa ya ce, "Ka je. Lauje ɗaya ne ya ragu." Wannan maganar ta zauna wa Maiwada a ƙirji, ya sha maimaita mini ita.

Ya ce ranar da ya iso masana'antar, Injiniya Amir ya kama hannunsa ya zagaya da shi baya. Suna shan kwana ya gan ta, kore shar, tana kaɗawa a tsakiyar hamada. Ya tsaya cak. Injiniya ya ɗauka kyanta ne ya kama shi, ya ce, "Ka gani, ya zol? Wannan amana ce. In ta mutu, masana'anta ta tsaya. Aikinka kawai ta rayu."

"To me ka ce masa?" na tambaye shi.

"Me zan ce? Na ce insha Allahu. A zuciyata na ce, ke kuma da wace biza kika shigo?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce Bahaɗeje ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. Ya ce in ci gaba da dariya, ai Bakatsine bai san ruwa ba sai na buta.

Ɗakinsa wata kwantena ce a gefen kududdufi na farko, inda warin ya fi ƙarfi. Katifa, buta, ɗan risho, da fanka mai kuka. Sauran ma'aikatan, 'yan Bangaladash da Indiyawa, suna da masaukinsu a ɗaya ɓangaren, kuma babu mai zagayowa nan sai dole. Aikin ba shi da wuya, shi ya sa ya fi cin rai. Ya buɗe bawul, wato makunnin ruwan, ya rufe bawul, ya kwashe ledar da iska ta jefa, ya cire busasshen ganye, ya cika kwalba da ruwan da ke fita ya kai wa Injiniya. Sai ya wuni bai buɗe baki ya yi magana ba in ba a sallah ba. Da farko yakan biyo ni unguwar Manfuha ranar Juma'a, inda muke zaune mu da yawa a gida ɗaya, a yi tuwo a yi hira. Amma warin nan ya kama jikinsa, sabulu ba ya fitar da shi. In ya zauna sai ka ga tabarma ta yi faɗi ta gefensa. Wata rana wani mara ta-ido ya ce, "Maiwada, ruwan wankanku ya ƙare ne?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga ranar bai sake zuwa ba. Har yau in na tuna ina jin haushin mutumin nan, kuma ya san ina ji.

Sai ya zama ni ne ke zagayawa wurinsa in na sauke kaya. Mu zauna a inuwar kwantena mu sha shayi, ina toshe hanci da gangan don in tsokane shi. Wata la'asar iska ta taso, ciyawar ta ɗauki wannan shuuu ɗin nata, na ga ya kasa kunne yana saurare.

Na ce, "Kai dai ka fara son matar nan."

Ya ce, "Ba na son ta, Sha'aban. Amma duk garin nan ita kaɗai ta san garinmu."

Na ci gaba da shan shayina.

A gida kuwa ba wanda ya san abin da yake yi. Da ya fara kira, Inuwa ya tambaye shi wane aiki aka ba shi, ya ce lambu. Ba ƙarya ba ce tsantsa, ba kuma gaskiya ba ce. Abin mamaki, wannan kalmar ce ta sassauto da Inuwa. Manomi ne, ya ji ƙanensa bai bar ƙasa ba. Duk Juma'a in Maiwada ya kira, gaisuwar farko ita ce, "Yaya lambu?" Ya ce, "Lambu da godiya, Yaya." Da Inuwa ya matsa yana son jin abin da ake shukawa, Maiwada ya ce tumatir, don shi ne ya fara zuwa masa a baki. Shi ke nan hira ta samu. Inuwa ya dinga ba shi shawara a kan tazarar dashe da maganin tsutsa da lokacin ban ruwa, shi kuma yana cewa to, Yaya, yana kallon kacala. Ya ce mini tunda aka haife shi bai taɓa yin doguwar hira da yayansa irin ta tumatirin nan ba. Abin da yake tsoron rasawa ke nan, fiye da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar.

Kacala irin ta masana'anta ana yi mata aski duk lokacin sanyi, don in aka bar busasshen ganye ya faɗa ruwa ya ruɓe, ƙazantar da ta sha ta koma inda ta fito. A shekarun farko wasu 'yan kwangila ake kawowa da injinsu. A farkon 2015 ba a kawo su ba. Injiniya Amir zai tafi hutu garinsu, sai ya kira Maiwada ya ce ya yanke kududdufi na farko da hannu, ya bar taƙi guda sama da ruwa. Ya nuna masa da yatsunsa. Maiwada ya ji, ya kuma gane sarai, kada wani ya ce Larabci ne ya ba shi matsala.

Da safen da zai fara, matarsa Fatsuma ta kira. Ta ce Yaya Inuwa na kwance, tsohuwar tsargiyar nan da ya kwaso a ruwa ta taso masa, har an kai shi asibiti a Nguru an dawo. Ta ce an fita gayya bana ba da shi ba, abin da ba a taɓa yi ba. Maiwada ya ajiye waya, ya ɗauki lauje, ya shiga ruwa. Jikinsa na Riyad, hankalinsa na bayan gidansu. Hannu kuwa ba ya shawara, abin da ya saba shi yake yi. Ya sunkuya, ya laluba ƙasa, ya yanke. Haka ya yi ta yi har ya share kududdufin kaf.

Sai da ya fito ya tsaya a baki ya waiwaya. Ruwa ne shimfiɗe fetal, ko tsinke babu a samansa, irin aikin da Inuwa zai gani ya ce madalla. Ya rantse mini cewa abin da ya fara ji daɗi ne. Bayan nan ne ya gane ɓarnar da ya yi.

Ya yi ta jira ko za ta tsiro. Ba ta tsiro ba. Ruwan kududdufin ya ƙara baƙi, ya fara kumfa, na biyu ma ya fara canza kala. Warin ya tsallaka katanga ya shiga ofis. Mudir, wato manajan masana'antar, ya zagayo da hankici a hanci, ya duba, ya yi magana gajera. Ƙarshen wata baladiyya za ta zo ɗibar ruwa. In ruwan ya faɗi, za a rufe wurin, shi kuma Maiwada khuruj, wato a buga masa fita ba dawowa. Aka nemi Injiniya a waya, yana wani ƙauye a bakin Nilu inda waya ba ta shiga.

Ranar Juma'a na same shi zaune a ƙofar kwantena, bai ko ɗora shayi ba. Na ce, "To kai da ka tashi a cikinta, ba ka san yadda ake tayar da ita ba?"

Ya ce, "Kashe ta aka koya mini."

"Wa ya fi kowa saninta?"

Ya dube ni, na dube shi. Mu duka mun san amsar. In ya yi shiru za a mai da shi gida hannu rabbana, iyali biyu na jiran abin da yake aikowa. In ya tambaya, lambu ya rushe. Muka shiga motata don gudun iska, ya kira, ya sa muryar a fili don ni ma in ji.

Muryar Inuwa ta fito a raunane. Bayan an gaisa, an yi masa ya jiki, ya ce, "Yaya lambu?"

Maiwada ya ce, "Yaya, tambaya gare ni. In an yanke kacala a ƙarƙashin ruwa, sannan mutum ya so ta tashi, yaya ake yi?"

"Wane mahaukaci ne zai so ta tashi?"

"Ni ne, Yaya."

Sai ya faɗa masa komai, ruwan dabino, kududdufai, amanar da aka ba shi, da abin da hannunsa ya yi. Bai yi wani kwana-kwana ba. Da ya gama, muka kasa kunne. Ana jin kukan akuya daga can nesa.

Inuwa ya ce, "Babu tumatir ke nan."

"Babu, Yaya."

"Kuma biyan ka ake yi ka ba ta ruwa."

"E."

"Wato buhun shinkafar da aka sauke a gidan nan da azumi, ita ta noma mana." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Ta cinye gonar Baba, yanzu ita ke ciyar da 'ya'yansa."

Maiwada ya sunkuyar da kai. Hawaye na bin fuskarsa, bai share ba, ni kuma na mai da idona kan sitiyari.

Can Inuwa ya ce, "Akwai yadda za ka janye ruwan?"

"Akwai bawul."

"Janye shi duka, har kututturen su fito su sha iska. Ka bar ƙasar da laima kawai, kada ta bushe ƙarau. Ka tona gefe ka duba saiwar, in cikinta fari ne tana nan, in ya yi baƙi ya yi laushi ka cire ka yar. In ta fara tsiro kada ka yi gaggawar mayar da ruwa, ka riƙa bin ta a hankali, kullum kanta na sama. Ba ta mutu ba. Tun ba ka da wayo nake kashe ta, ban taɓa ganin gawarta ba."

"Na gode, Yaya."

"Kada ka faɗa wa kowa a garin nan. Ni ma ban ji ba." Ya kashe waya.

A ranar muka juya ruwan zuwa sauran kududdufai biyun, aka rage yawan wanda ake sakowa daga tanki. Maiwada ya shiga taɓo da gwiwoyinsa yana tona saiwa yana dubawa. Yawanci fari ne. Ba a jima ba ta fara leƙowa, siriri kamar tsiron albasa, yau nan gobe can. Da Injiniya Amir ya dawo ya tarar da ita iya gwiwa, ya tambaya, Maiwada ya faɗa masa gaskiya. Injiniya ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya sa aka kafa sanduna a cikin ruwa da jan fenti daidai inda za a riƙa yankewa. Baladiyya ta zo ta ɗebi ruwa, ruwan ya tsallake da kyar. Aka sabunta wa Maiwada iƙama.

Sai dai daga ranar Inuwa bai sake cewa yaya lambu ba. Yana ɗaukar waya, ba ya fushi, ba ya gori. A gaisa, a tambayi jiki, a tambayi yara, sai shiru, sai ɗayansu ya ce to sai an jima. Hirar da ke cinye kati ta koma gaisuwar maƙwabta. Maiwada ya ce da zagin sa Inuwa ya yi da ya fi masa sauƙi. Na yi ta ba shi baki da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Inuwa zai sauko. Ni kaina ban tabbata ba, faɗa kawai nake yi.

Inuwa ya rasu da daminar 2017. Kafin labari ya iso mana an riga an kai shi. Maiwada bai samu zuwa ba. Na kai shi Manfuha aka yi addu'a, ranar dai babu wanda ya matsa daga kusa da shi, sannan na mai da shi kwantenarsa.

Bayan sadakar bakwai Fatsuma ta kira shi tana ba shi labarin masu ta'aziyya. A cikin hira ta ce mutane na ta tuna yadda marigayi ke alfahari da shi. Har kwanakinsa na ƙarshe, in aka zo duba shi sai ya kawo zancen ƙanensa da ke Saudiyya, mai lambun tumatir, wai tumatirin ya kai dunƙulen hannu, wai Larabawa ba sa cin na kowa sai nasa. Ta ce, "Har liman ya ce in ka tashi zuwa ka taho masa da iri."

Ban san da wannan ba sai da na zo sauke kaya mako na gaba. Ya tare ni tun daga bakin ƙofa, abin da bai saba ba, ya ce in na koma Aziziya in nemo masa irin tumatir, mai manya. Na buɗe baki zan ce Bahaɗeje ya fara haukan zafi, na ga fuskarsa, na fasa.

Na kawo masa. Ya samo tsofaffin bokitan fenti ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa, ya jera su a ƙarshen kududdufi na uku, inda ruwan ke fita ja. Ya yi musu rumfa da buhu saboda rana. Ya bar tazara a tsakaninsu daidai yadda aka yi ta faɗa masa a waya shekaru uku yana cewa to. Bayansa kacala na kaɗawa, ta fi shi tsawo.

Na ce, "Wa zai ci wannan, Maiwada? Ko gyauto ba zai cika ba."

Bai ɗago ba, yana danna ƙasa da babban yatsa. Ya ce, "Ba don ci ba ne. Yaya ya faɗa wa mutane ina da lambu, ba na so a tambaye shi a can lahira a tarar babu."